Cikin Tarwaɗa

Ni ce Mastura, mai fiɗar kifi a gaɓar Kosti.
Shekara talatin wuƙata na karatun hanji.
Ban san baƙi a allo ba,
amma duk abin da Farin Nilu ya haɗiya da dare,
da safe ni ake fara nuna wa.

Jiya na tsaga wata tarwaɗa mai gashin baki kamar na alƙali.
Na zaci ƙwai zan tarar,
sai ga shuɗiyar leda a dunƙule,
da jan murfin kwalba,
da zaren buhun sukari ya naɗe mata tumbi.
Na ce, baiwar Allah, yaushe kika fara cin kasuwa?

Kakanmu daga Yawuri ya taso a ƙafa, da niyyar Makka.
Ya iso nan, ya durƙusa, ya sha da tafin hannu,
ya hango yashin ƙasa fes,
inuwar giwan ruwa ta gifta ta kansa.
Ya ce a sauke kaya, hajji sai baɗi.
Baɗin ce har yau muke jira.
Gadon da ya bari: birgi, da filafili,
da sunayen 'ya'yan ruwa.

Ragon ruwa, da kawara, da tsage mai haƙora,
ƙurungu da ke gunaguni ko a cikin kwando,
minjirya mai kashe hannu har kafaɗa.
Yau in na kira su, rabi ne ke amsawa.

Ran da aka buɗe magudanar gonaki,
bayan jirgin feshi ya wuni yana shawagi,
karfasa suka taso, ciki fari yana kallon sama,
birjik, kamar takalma a ƙofar masallacin Juma'a.
Yara suka rugo da kwanuka, suna ihun garaɓasa.
Na bi su da itacen banda, ina zagi, ina hawaye.
Zalɓe bai ji kashedina ba, ya cika cikinsa.
Da la'asar muka same shi, wuya a lanƙwashe.
Muka haƙa rami a tudu.
Wa ya taɓa ganin masunci na yi wa abincinsa jana'iza,
babu likkafani, babu mai tsayawa?

An ce kainuwa dashen Allah.
Wannan kam da takinmu ta yi ƙiba,
ta shimfiɗa tabarma daga gaɓa har tsakiya,
ƙarƙashinta ruwa ba ya numfashi.
Katantanwa ta samu gida a saiwarta,
yaranmu na wanka, suna dawowa da tsargiya,
fitsari ja kamar zoɓo,
su ɓoye, don kunyar faɗa wa uwa.

Ba zan ɗora wa masu gona duka ba.
Injin ƙanena Jazuli na ɗigar baƙin mai,
bakan gizo na bin jirginsa duk inda ya nufa.
Gidan sauro ya mayar taru,
yana kwaso 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba.
Ni ma da nake magana,
ledar nan shuɗiya, irinta nake ƙulla wa masu saye.
Wataƙila tawa ce ta sha yawo ta dawo gida.
Wuƙa ta tsaya a hannuna, na kasa ci gaba da yankawa.

Da magariba jikana Muɗassir ya ce,
Kaka, wai yaya yauni yake?
Na duba kwanduna bakwai, babu.
Sai na zana masa da tsinin wuƙa a jiƙaƙƙen yashi:
dogo, santsi, wutsiya kamar ta ɓera,
tutar bayansa na kaɗawa daga wuya har ƙarshe.
Ban gama idon ba igiyar ruwa ta taso,
da kumfa, da guntun soso,
ta lashe zanen, ta koma.
Yaron ya ce, Kaka, ya tafi gida ke nan?
Na ce, tashi mu je, duhu na shigowa.